Awon Bakin Famfo

Karo na huɗu ke nan Auta tana ɗora kan tiyon a bakin famfo tana murɗawa, yana zamewa ya faɗo mata a tafin hannu. Ko haƙori ɗaya bai kama ba. Shiga yake yi lako-lako, kamar zoben babba a yatsan yaro. Ta juya shi, ta hura cikinsa, ta sake gwadawa, duk da ta san babu abin da zai canja.

Tun takwas da kwata aka kawo ruwa. Unguwarsu sau biyu ake ba su a mako, kuma ƙarfe biyu na yi za a ɗauke, ko da mutum yana tsakiyar wanka ne. Famfon yana bakin ƙofar gida, ɗakin Baba kuwa yana can ƙarshen tsakar gida, shi da banɗakinsa da babban duron da ake tara masa ruwa. Taku arba'in da biyu ne tsakani. Auta ta san lissafin sarai, don wata takwas ke nan tana jigilar bokiti a kan hanyar, tun ranar da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Wanka sau biyu a yini, wankin zannuwan gado kullum, ga goge-goge. Bokiti goma sha huɗu ke cika duron.

Yanzu cikinta ya shiga wata bakwai, mijinta direban babbar mota ne da sai ya yi mako uku bai kwana gida ba, kuma a awon cikin da ya wuce nas ta hana ta ɗaukar duk abin da ya fi buta nauyi. Maganar ta kai kunnen Yaya, babban wanta. Shekaranjiya ya kira ta, bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce zai zo yau da azahar da mota. In ya tarar an samu hanyar da ruwa zai kai duron ba tare da bayanta ba, to, Baba ya zauna. In ya tarar da bokiti, da Baba zai koma.

Gidan Yaya a hawa na uku yake. Wanda aka hau da shi can a keken marasa lafiya, ba zai ƙara ganin ƙasa ba sai ta taga. Baba kuwa shi ya gina wannan gida, a nan ya binne ƙuruciyarsa, a nan Inna ta rasu, kuma duk bututun da ke cikinsa da hannunsa ya shimfiɗa shi, don shekara arba'in ya yi yana aikin famfo. Wannan ne dalilin da Auta ke faɗa wa mutane. Wanda ba ta faɗa shi ne, tsoron gidan take ji in babu shi a ciki.

Jiya ta sayo tiyo mai tsawon yadi talatin da kan da ake murɗa shi a famfo. Kuma ba da ka ta saya ba. Tela ce, shekara goma sha ɗaya tana awon mutane, ba a taɓa dawo mata da riga don ta matse ba. Tef ɗin awonta ta gitta a bakin famfon, ta ga kwata uku na inci da ɗan ɗoriya, ta rubuta a bayan hannunta, ta je kasuwa ta ce a ba ta kwata uku. To, ga kwata ukun nan yana mata lilo.

Daga ɗakin Baba ta ji ƙarar kofin silba yana bugun ƙarfen gado. Da shi yake kiranta, tunda ciwon ya tafi da maganarsa ya bar masa kalma biyu tak, “to” da “a'a”, su ma rowarsu yake yi. Ta ɗaga murya ta ce tana zuwa. Ta riga ta yi masa wanka da ruwan da ya rage, ta ba shi abinci da magani, ta juya masa gadon yana kallon taga. Ta leƙa ta katanga ta roƙi maƙwabciyarta ta sa masa kunne, ta yafa mayafi ta fita. Mai gyaran famfon unguwa ta kira shi sau uku tun asuba, ya ce yana wajen wani gini, sai gobe. Gobe kuwa babu ruwa, ga shi kafin nan Yaya ya zo ya tafi.

Shagon da ta sayo kan tiyon yana layin masu kayan gini, an rataye famfuna a ƙofarsa jere-jere. Mai shagon, wani mai tumbi da biro a bayan kunne, yana fama da wani ɗan kwangila da ya zo da takarda mai tsawon kamu guda. Auta ta jira har haƙurinta ya ƙare, sannan ta dangwarar da kan tiyon a kan tebur.

“Malam, kwata uku na ce ka ba ni, ka ba ni inci guda.”

Ya ɗauka ya juya, ya nuna mata lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Kwata uku ne, ƙiri-ƙiri. Ta zaro tef daga wuyanta ta gitta a bakinsa a gabansa, tef ya nuna inci saura ƙiris. Ta ce ya duba da idonsa, ko dai lambar ce ke ƙarya ko tef ɗinta, kuma tef ɗinta bai taɓa yi mata ƙarya ba.

“Malama, wannan tef ɗin na yadi ne,” in ji shi, yana dariya. “Mu haka muka taso muka ga ana kiransu.”

Ɗan kwangilar ya yi gyaran murya, ya duba agogo. Mai shagon ya yanke mata hukunci a tsaye: tunda ta ce ta auna, to haƙoran famfonta ne suka cinye, tsohon famfo haka yake. Ya miƙo mata farin tef, wannan siririn mai santsi da ake naɗawa a haƙoran bututu, ya ce ta naɗa da kauri, zai kama. Bai jira ta amsa ba ya koma kan takardar mutuminsa. Ta fito ranta a ɓace, ba don ta yarda ba, sai don agogon wayarta ya nuna goma saura.

Goma da rabi ta wuce kafin ta iso gida. Kofin yana ta bugu tun daga ƙofa. Ta ce, “Ina zuwa, Baba,” ta durƙusa gaban famfon. Ta naɗa tef ɗin, ta naɗa, har sai da ya ƙare kaf, bakin famfon ya yi suntum kamar yatsan da aka ɗaure wa bandeji. Ta tura kan tiyon da ƙarfi ta murɗa. Ya tsaya. Ta sake shi a hankali, bai faɗo ba. Ta yi bisimilla ta buɗe ruwa kaɗan, ta ga tiyon yana motsi yana miƙewa, ta ji daɗi ya tsirga mata har ƙafa. Sai ta buɗe shi duka.

Ba ta yi numfashi uku ba kan tiyon ya fizge. Ruwa ya feso mata a fuska da ƙirji, ta ja da baya a firgice, silifas ɗinta ya zame a jiƙaƙƙen siminti. Gwiwarta ta fara kaiwa ƙasa, sannan tafin hannu, kafaɗarta ta daki bango. Cikinta ya ƙulle ya yi tauri. Ta zauna a wurin, ruwa na zuba a cinyarta, ta kasa ko miƙa hannu ta rufe famfon. Addu'a kawai take yi a zuci tana jira. Can ƙullin ya saki, ta ji ɗan motsi a gefen hagu, sannan ta tuna da numfashi.

Kofin kuwa yanzu ba bugu yake ba, duka yake. Ta juya ta ga tagar ɗakin Baba a buɗe, daidai saitin famfon. Ita da kanta ta juya masa gadon. Duk abin da ya faru a idonsa ya faru.

Ta shiga tana ɗingishi tana murmushin dole, ta ce ba komai, santsi ne kawai. Ta jero masa tambayoyin da ta saba: ruwa zai sha? Banɗaki? A juya shi? Kowanne ya ce a'a. Ya ɗaga hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya nuna ƙofa. Ta ce ba lokaci, Yaya na hanya, in ta gama za ta zo su zauna.

“A'a!” in ji Baba. Rabon da ta ji muryarsa da wannan ƙarfi tun kafin ya kwanta.

Dole ta kira maƙwabciya ta katanga. Matar ƙatuwa ce mai baki, ta shigo tana goge hannu a zane tana faɗa, wai gidan mai gyaran famfo guda a rasa mai haɗa tiyo, abin kunya ai sai a rufe ƙofa. Kusan ita kaɗai ta ciccibi Baba ta ɗora shi a keken, ta hana Auta sa hannu. Suka turo shi tsakar gida, ya runtse ido saboda haske. Auta ta lissafa a ranta, wata biyar ke nan bai fito nan ba. Kullum tana da dalili, yau rana, gobe iska, jibi baƙi za su zo su gan shi a haka.

Da aka kai shi gaban famfon, ya dubi tsummokaran farin tef ɗin da ke reto, ya dube ta. Ta san wannan kallo tun tana yarinya, shi yake yi wa aikin da wani ya ɓata aka kira shi ya gyara. Ya tsittsinke tef ɗin da farce har ƙarfen ya fito. Ya rufe ido ya zagaya haƙoran da babban yatsa, sau biyu. Ta tambaye shi ko sun cinye, ya ce a'a. Ya kamo tef ɗin awon da ke wuyanta ya jawo, ya dasa farcensa a kan rabin inci.

“Baba, na auna fa. Kwata uku ne har da ɗoriya. Ga shi ka gani.”

Bai ko kalli inda take nunawa ba. Ya miƙa hannu wajen igiyar shanya, inda wani guntun tsohon bututu ke tokare da ita. Maƙwabciya ta ciro shi, kayan shanya suka sunkuyo, ta kawo. Irin bututun da ke kawo ruwa famfon ne, har da haƙora a bakinsa. Ya yi wa Auta alama ta auna. Ta gitta tef daga baya zuwa baya, yadda ta yi jiya, ta samu kwata uku da ɗoriya. Ya ce a'a. Ya zura ɗan yatsa cikin ramin bututun, ya zaro, ya sake nuna mata. Ta gitta tef a kan ramin kaɗai. Rabin inci ne da ɗan abin da ba a rasa ba.

“To,” in ji Baba.

Ta yi tsaye da tef a hannu, kunya da haushi suka haɗu mata. Ita awon waje ta sani, ƙirji da ƙugu da kafaɗa. Su kuwa masu famfo da ramin da ruwa ke bi suke kiran abu, kaurin ƙarfen da haƙoran ba su cikin sunan. Abin da ta auna ta ga kwata uku, rabin inci ne sunansa a wajensu, wanda suke kira kwata uku kuwa ya kai inci. Tef ɗinta bai yi ƙarya ba, lambar ma ba ta yi ba. Kuma mutumin da ya san wannan tun kafin a haife ta yana taku arba'in da biyu daga famfon, yana buga mata kofi tun safe.

Sha biyu saura minti goma. Maƙwabciya ta ce a ba ta ta je, tukunyarta ta ƙone in ta so. Auta ta ƙi, ta ce ba ta san shagon ba, kuma mutumin zai sake sayar mata da son ransa. Gaskiyar magana ba ta yarda da hannun kowa a wannan aiki ba. Ta canja zane, ta ja mayafi. Baba ya kama bakin mayafin ya ce a'a, idonsa a kan gwiwarta. Ta san abin da yake nufi. Ta zare mayafin a hankali ta ce yanzun nan za ta dawo.

Bas ɗin da ta samu irin mai tsayawa kowace kusurwa ne yana kiran fasinjan da bai fito daga gida ba tukuna. A shataletale suka tarar da cunkoso. Tana zaune a takure, gwiwar na zugi, tana duba waya duk bayan minti ɗaya kamar kallon zai rage wa agogo gudu. Nan Yaya ya kira, ya ce ya taso, ya tambaye ta tana ina. Ta ce tana gida. Daidai lokacin kwandasta ya kwarara kiran masu sauka kasuwa, a saitin kunnenta.

“Auta, kar garin neman gira a rasa ido,” in ji Yaya, ya kashe wayar.

A shago ba ta yi gaisuwa ba. Ta ce rabin inci. Mai shagon ya ce ai da tun jiya ta faɗi haka da ba ta sha wahala ba, kamar ba shi ne ya ce famfonta ya cinye ba. Ta sa ya ciro famfo ɗaya daga rataye, ta auna bakinsa da tef ɗinta ta ga daidai da na gida, ta murɗa kan a kai da hannunta, ya shiga sumul har ƙarshe. Ta sa ya gwada wutsiyar kan a guntun tiyo irin nata, ta karɓi maɗaurin ƙarfe da sabon farin tef. Komawa tasi ta tare.

Ɗaya da minti ashirin ta shigo. Ƙafafunta sun kumbura har igiyar silifas ta nutse a ciki. Baba yana nan inda ta bar shi, a ɗan inuwar bango, ya ƙi yarda a mayar da shi ɗaki. Ta durƙusa da ƙyar ta fara naɗa tef, sai ta ji an make mata hannu. Ashe baibai take naɗawa, murɗin zai warware shi. Ya karɓi tef ɗin, ta danne masa bakin da yatsa, ya zagaya shi ta hannun da ake ɗaurewa, zagaye shida, yana ja yana kwantar da shi cikin haƙoran. Ko sau ɗaya bai kauce ba. Ya taɓa robar da ke cikin kan da farce ya tabbatar ta zauna, sannan ya miƙa mata. Ta murɗa da hannu har ya tsaya, ta sa sifana ta ƙara kaɗan. Za ta ƙara ya ce to, ta bari. Ta tura tiyon ta ɗaure maɗaurin.

Shi ya buɗe ruwan. Tiyon ya cika ya miƙe tsawon tsakar gida, can ƙarshe suka ji maƙwabciya na shewa, ruwa na kwarara cikin duro. Auta ta zauna a kan bokitin da ta kife, ta jingina da bango, ta sa hannu ta tallafe bayanta. Hawaye suka zo mata, ta bar su.

Biyu saura kwata Yaya ya yi sallama. Ya tsaya a ƙofa da makullin mota a hannu yana kallon Baba a tsakar gida, rigarsa a jiƙe, guntun farin tef a cinyarsa. Auta ta miƙe da sauri don kada ya gan ta a zaune, ta ce ga shi nan, ba sauran bokiti, ya je ya duba da kansa. Ya bi tiyon har duro ya dawo. Ya shafa mahaɗin ya dubi yatsunsa, a bushe suke. Ya ce ba sai an faɗa masa wanda ya yi wannan naɗin ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi ke nan, ta ci, alkawari kaya ne.

Ya tsuguna gaban keken ya gaida Baba, ya riƙe masa hannu. Cikin raha ya ce sun share ɗaki sun sa sabuwar katifa, amma da alama mai gida ba shi da niyyar barin gidansa, sai su ci gaba da zuwa gaisuwa.

“A'a,” in ji Baba.

Yaya ya ɗago ya dubi Auta, ya sake duban Baba. “A'a me, Baba? Bi na za ka yi?”

Baba ya juya kai a hankali ya dubi ƙafafun Auta, ya dubi inda jinin gwiwarta ya ɓullo ta sabon zanen, ya dubi hannun da ta manta ta bari a bayanta.

“To.”

Auta ta ce bai fahimta ba ne, ya gaji, rana ta dake shi, a sake tambayarsa. Yaya ya juya tambayar, ya yi ta dalla-dalla: a nan yake so ya zauna, a gidansa, wajen Auta? Baba ya ce a'a, a fili, ba gargada. Ya saki hannun Yaya ya kamo nata, ya ɗora shi a kan cikinta, ya danne da nasa.

Daga ƙarshen gida maƙwabciya ta ƙwala kira, ta ce duro ya cika yana zuba, a rufe. Babu wanda ya motsa. Sai da ta sake kira sannan Auta ta zare hannunta, ta sunkuya ta rufe famfon. Ta share fuska da gefen mayafi, ta tambayi Yaya ko jaka nawa bayan motarsa zai ɗauka. Ta wuce ɗakin Baba ta fara ninke masa kaya.